Injiniya da Keken da Ya Ƙi Naɗuwa

A duk layin babu wanda ya taɓa ganin takardar da ta mayar da shi injiniya. Makulli yake yankawa a wani ɗan shago da bai wuce tsayuwar mutum biyu ba, tsakanin mai walda da mai gyaran takalmi. Amma tun ranar da ya buɗe ƙofar wani banɗaki da ta maƙale, ya sa aka rubuta masa "Injiniya" a allon shagon, da baƙin da ya ninka na "makulli" girma sau uku. Mutane suka ga sunan ba ya rage musu komai, suka bar masa abinsa.

Ƙanwar matarsa ce ta jawo sauran. Ma'aikaciyar jinya ce, kowa Nas yake ce mata, kuma tana cikin wata ƙungiya ta masu keke mai naɗewa, irin ƙananan nan masu gaɓa a tsakiya, da za ka zare sakata ka naɗe su gida biyu ka rataya a hannu. Duk Asabar da safe sukan haɗu a gaban ɗakin karatu, su yi tafiya mai ɗan nisa, su sha shayi, su naɗe kekunan su shiga bas su dawo. Tsautsayi ya sa Nas ta gayyaci mijin yayarta, don likita ya ce tumbinsa ya fara riga shi shiga ɗaki. Ya sayi keke na hannu ya zo. Asabar uku kacal ya yi, ya fara koya wa waɗanda suka shekara takwas suna hawa yadda ake zama a kan sirdi.

Jagoran ƙungiyar wani dattijo ne, tsohon malamin koyar da tuƙi, da ake kira Baba Mai Usur. Usur ɗin yana rataye a wuyansa, in ya busa a tashi, in ya busa a tsaya. Da gwiwa ta matsa masa, sai ya ce zai sauka. Sharaɗinsa ɗaya ne: duk mai son usur, a ba shi Asabar guda ya tsara hanya, ya kai mutane, ya dawo da su cif a bas ɗaya, kowa da kekensa. Idon kowa ya koma kan Nas, wadda ta san hanyoyi kuma ita ke ɗaure wa mutane rauni. Kafin Baba ya rufe baki, hannun Injiniya yana sama.

"Usur ɗin nan ya daɗe yana neman wuyan da ya dace da shi," ya ce wa matarsa a kan abinci.

"Wuya kam akwai shi," in ji ta. "Har ya yi yawa."

"Ke ba ki san harkar ba. Daƙiƙa bakwai nake naɗe keken nan, ido rufe. Na faɗa musu a gaban kowa."

"Bargon da ka tashi a kai da safe yana can yana jiran ka naɗe shi. Ka gwada da ido buɗe."

Bai kula ta ba, don shi a ganinsa manyan mutane ba a gidansu ake fara gane su ba. Ya yanke cewa jagora na gaskiya dole a gan shi daga nesa, a kuma ji shi. Ya sayo ƙaramar lasifika mai batir. Ya samo madubin babur guda biyu. Ya yanke tsohon labulen matarsa ruwan ɗorawa ya yi tuta, ya ɗaura a sanda mai tsawon mita biyu. Ya ƙara akwatin katako a baya don kayan aiki. Da ya hau don gwaji, sandar tutar ta kwanto ta ƙwale shi a ƙeya, lasifikar ta zame ta koma kallon ƙasa. Ranar Juma'a da hantsi ya tura keken shagon maƙwabcinsa mai walda, da zane a bayan takardar burodi.

Mai walda ya duba zanen, ya duba keken, ya sake duba zanen.

"Injiniya, rodin nan da ka ce in shimfiɗa daga gindin hannu zuwa gindin sirdi..."

"Shi zai riƙe tuta da lasifika. Ƙarfe ɗaya, aiki biyu."

"Na gani. Amma ai zai bi ta kan..."

"Zai bi ta inda na zana. Kai da wuta aka san ka. Tunani ka bar wa masu shi."

Mai walda mutum ne da ba ya son dogon zance kafin abincin rana. Ya sauke gilashinsa a fuska, ya ɗiga wuta biyu a gaba, biyu a baya. Rodin ya kwanta sambal a kan gaɓar da keken yake naɗewa, ya haɗe gaba da baya ya zama abu ɗaya. Mai gyaran takalmi ma da ya leƙo ya gane abin da aka yi. Injiniya ya girgiza keken, ya ji ko motsi babu, ya ce aiki ke nan in an samu mai kai a kansa.

Asabar mutum goma sha takwas suka hallara, har da wani mai kemis da ba ya mantuwa da maganar da aka yi a gabansa. Baba ya cire usur ya rataya wa Injiniya.

"Aro ne," ya ce. "Sai mun dawo a san mai shi."

Injiniya ya kunna lasifika ya yi jawabin minti ashirin da biyar ga mutanen da ke tsaye taku biyu daga bakinsa. Ya yi bayanin tarihin taya. Mai gadin ɗakin karatu ya fito sau biyu yana ɗora yatsa a leɓe. Daga ƙarshe aka tashi, tuta a gaba tana kaɗawa, kuma a wannan lokacin, in za a faɗi gaskiya, zuciyar Injiniya fari tas take. Bai taɓa samun mutum goma sha bakwai a bayansa ba, sai dai a layin banki.

A kwanar titi ta farko tutar ta kamo rumfar mai lemo ta yaye ta. Lemo ya bazu a titi, ƙungiya ta sauka tana tsinta, shi kuma yana ba da umarni ta lasifika kan wanda ya gangara ƙarƙashin mota. A kwana ta uku ya yi shelar "Hagu", ya karya dama, don madubin nan biyu fuskarsa kawai suke nuna masa kuma ta ɗauke masa hankali. Rabin mutane suka bi bakinsa, rabi suka bi bayansa. Sai da Nas ta zaga ta tattaro su.

"Gwaji ne," ya ce. "Ina so in ga masu lura."

"Mun lura, Yaya," in ji Nas.

Sai aka iso abin da ya fi alfahari da shi a tsarin, wato yanke ta gadar sama ta masu ƙafa, wadda ta haye babban titi. Matakala arba'in da biyu hawa, arba'in da biyu sauka. Ga masu irin wannan keke ba wani abu ba ne. Nan da nan aka ji ƙas, ƙas, ƙas, kowa ya naɗe nasa ya ɗauka. Injiniya ya bari suka fara hawa, ya zare sakata, ya dafa da gwiwa yadda ya saba. Keken bai san ana yi ba. Ya ƙara ƙarfi. Ya duba ƙasa, ya ga rodi kwance a kan gaɓa, da ɗigon walda huɗu suna ƙyalli. A nan ne maganar da ya hana mai walda ƙarasawa ta ƙarasa kanta a kunnensa.

Gumi ya keto masa. Ba gadar ce ta dame shi ba. Bas ɗin ƙarfe goma sha biyu da za su dawo a ciki ba ya ɗaukar keke sai naɗaɗɗe, kuma shi da bakinsa ya karanta wa mutane wannan doka da safe, sau biyu. In bai shiga bas ɗin tare da su ba, usur ya tafi. Ya yi maza ya mayar da sakata.

"Yaya, lafiya?" Nas ta tambaya daga matakala ta goma.

"Jagora ba ya naɗe keke a gaban gada. Yawan naɗi yana cinye gaɓa."

"Wa ya ce?"

"Bincike."

Ya saɓa keken a kafaɗa, da akwati, da lasifika, da madubai. Tutar ta tokare rufin gadar, dole ya hau a durƙushe. Wata mata mai goyo da jaka biyu ta wuce shi, ta je sama ta tuna ta yi mantuwa, ta sauko, ta sake wuce shi. Mai sayar da safa a kan gadar ya janye tabarmarsa ya tambaye shi ko tashi yake yi daga unguwar. Da ya sauko ɗaya gefen, ya ce wa jama'a haka ƙwararru suke motsa jini.

Wajen ƙarfe goma da rabi suka kai gidan shayin da ke bakin tafki, inda tafiyar take ƙarewa. Mai wurin ya san su, dokarsa kuma sananniya ce: keke ya shiga a naɗe ya zauna ƙarƙashin tebur. Goma sha bakwai suka shige. Injiniya ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ku ci, ni zan yi gadi."

"Gadin me?" in ji mai kemis. "Kekunan duk suna ciki."

"Gadin hanya."

Da suka ba da baya ya ja keken bayan ginin, kusa da inda ake zubar da ruwan wanke-wanke, ya buɗe akwatin kayan aiki. Abin da ke ciki kayan sana'arsa ne, wato ƙananan zarto na gyaran haƙoran makulli. Ya zaɓi babba a cikinsu, wanda bai kai yatsa tsawo ba, ya tsuguna ya kama gurza rodi. Ƙamshin soyayyen ƙwai yana fitowa ta tagar kicin yana shiga hancinsa kai tsaye. Ya yi rabin awa yana gurza, zarto biyu suka mutu, rodin ya ciyu kusan rabi. A haka Nas ta same shi, da kofin shayi a hannunta.

Ta dubi rodin, ta dubi gaɓar, ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

"Yaya," ta ce a hankali, "ga makanike can tsallaken titi, yana da injin yanka ƙarfe. Minti biyar ne. Ka tura masa yanzu, ni zan riƙe su da hira. Babu wanda zai sani."

Ƙofa ce aka buɗe masa har bango. Mutum mai hankali da gudu zai shiga. Injiniya ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"Ni zan kai ƙarfe wajen makanike? Da allona a saman shago? Ke dai allura kika sani. Gyara nake ƙarasawa, ba matsala ba ce."

"To," in ji Nas. Ta ajiye masa shayin a kan akwati ta koma.

Da aka fito, ya kunna lasifika ya kawo sabon tsari. Ya ce ya yi nazari, ya ga bas na ragwaye ne, ƙungiya mai daraja da ƙafarta take komawa, kilomita ashirin da takwas ba komai ba ne. Mutanen da suka cika ciki da burodi suka tsaya suna kallonsa.

"Gwiwata ta ji ka," in ji Baba. "Ta ce a gaishe ka. Mu je tasha."

Bas ya zo a kan lokaci, abin da bai saba yi ba. Rabinsa cike da fasinjoji masu dawowa daga cefane. Ƙas, ƙas, ƙas, ƙungiya ta naɗe ta shige, kwandasta yana jera kekunan a fili na baya. Saura mutum ɗaya a ƙasa da tuta.

"Yallaɓai, naɗe shi mana mu wuce," in ji kwandasta.

Mai kemis ya leƙo ta taga da waya a hannu.

"Jama'a, ku matso ku ga abin mamaki. Wannan bawan Allah daƙiƙa bakwai yake yi, ido rufe. Ni shaida ne, a gabana ya faɗa. Injiniya, na shirya agogo."

Kawuna suka fito ta kowace taga. Injiniya ya dubi rodin da ya ciyu rabi, ya yi fatan ko zai ji kunyar jama'a ya karye. Ya zare sakata, ya rufe ido kamar yadda ya yi alkawari, ya danna da gwiwa. Fasinjoji suka kama ƙirga da baki ɗaya. Suka kai bakwai. Da yake mutanen kirki ne, suka ci gaba har talatin.

"Ɗan nan," in ji wata tsohuwa daga kujerar gaba, "ko haihuwa ce da yanzu mun ji kuka."

Ya buɗe ido. Ya kwantar da keken ya hau kansa ya zauna. Ya tashi ya tattaka. Ya ɗauko dutse ya shiga dukan rodin. Abin da ya manta shi ne lasifikar tana kunne, kuma bakinsa yana dab da ita. Duk nishinsa, da duk abin da yake faɗa ƙasa-ƙasa game da mai walda da dangin mai walda, tashar gaba ɗaya ta ji shi tar, har masu jiran bas na ɗaya hannun suka tsallako.

Baba ya sauko da ƙyar, ya sunkuya ya shafa rodin.

"Wannan wa ya sa shi?"

"Sabon tsari ne, Baba. Ba a fara shi a nan ba tukuna."

"Keke mai naɗewa da ba ya naɗuwa."

"Matakin farko ke nan."

Direba ya danna ham. Kwandasta ya ce shi ba ya faɗa da kowa, amma abin nan da tutarsa ba zai shiga motarsa ba. Nas ta buɗe baki za ta yi magana, Injiniya ya ɗaga mata hannu. Ya tayar da keken, ya gyara hular kwano, ya juya lasifika wajen bas.

"Dama haka na tsara. Jagora ba ya zama a kujera. Zan shiga gaba in buɗe muku hanya har gida, ku biyo ni."

Ya haye. Sakatar da ya zare tana nan a zare, tana lilo, kowa na ganinta ban da shi. Hanyar fita daga tashar siririya ce, don haka bas ya biyo shi a hankali, mutum arba'in suna kallo ta gilashin gaba. Ya ji idanu a bayansa, ƙarfi ya zo masa. Ya miƙe tsaye a kan feda. Ya sa usur a baki ya busa. Ya saki hannu ɗaya yana ɗaga wa jama'a. A daidai nan tayar gaba ta hau tudun rage gudu.

Rodin da ya sha zarto, ya sha dutse, ya ce ƙas. Keken da aka yi awa uku ana roƙo ya naɗu, ya naɗe kansa lokaci ɗaya, tayar gaba ta zagayo ta rungumi ta baya, ƙafar wandon Injiniya a tsakaninsu. Ya tafi a karkace ya sauka cikin ciyawar gefen hanya, tutar ta biyo shi ta lulluɓe masa fuska. Usur ɗin ya yi wani ɗan kuka siriri ya yi shiru.

Bas ya tsaya. Nas ce ta fara isa. Ta yaye tutar, ta duba idonsa, ta lanƙwasa hannu da ƙafa, ta ce babu abin da ya karye sai fatar gwiwa da ta ɗan goge. Sai a lokacin mutane suka samu izinin dariya, suka kuwa yi amfani da shi.

Aka ja wandon, ya ƙi fita. Gaɓar ta cije shi tun daga ƙauri har gwiwa, guntun rodin kuma ya lanƙwashe ya kulle ta. Mai kemis ya ba da shawarar a cire wandon. Injiniya ya ce sai dai a cire ransa.

Kwandasta ya zo ya zaga shi sau ɗaya, hannu a baya, yana aunawa da ido.

"Yanzu kam ya naɗu," ya ce. "Doka ta cika, zai shiga. Abin da ban sani ba, kujera zan ba shi ko wajen kaya."

Baba ya dafa kafaɗar direba ya durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo. Ya sa hannu biyu ya zare igiyar usur daga wuyan Injiniya, a hankali, ta kan hular kwano. Injiniya ya riƙe hannunsa. Muryarsa ta sauka, babu lasifika a cikinta.

"Baba, ai sharaɗin ya cika. Za mu koma cif, a bas ɗaya, kowa da kekensa."

"Za mu koma," in ji Baba. "Amma cewa na yi ka dawo da mu. Ban ce mu dawo da kai ba."

Ya miƙa wa Nas. Ta ciro auduga daga jakarta ta goge shi ciki da waje, ba gaggawa, sannan ta rataya. Injiniya ya kawar da kai. Faɗuwar ba ta yi masa zafi ba, dariyar ma zai iya jurewa, amma wannan gogewar ta shige shi har ƙashi.

Nas ta dubi maza huɗu mafi ƙarfi a ƙungiyar, ta nuna musu inda kowa zai kama, biyu a mutum, biyu a keke.

"In na busa, ku ɗaga tare. Ku kula da kansa. Yaya, ka saki jikinka."

Ta busa. Suka ɗaga. Kwandasta ya ruga ya buɗe ƙofar baya.